Darasi na 7: Awon Alamomin Rai a Asibiti da Ɗakin Shan Magani

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya asibiti ya san abin da ake fara yi kafin a ga likita. A sa ma'auni a hammata, a riƙe wuyan hannu ana duban agogo, a ɗaura abin awo a damtse a hura shi. Zafin jiki, bugun jijiya, numfashi da ƙarfin jini su ne ma'aikatan jinya ke kira alamomin rai. A yau an ƙara musu na biyar, wato yawan iskar oksijin da ke cikin jini, a inda ake da na'urar awonta.

A Wasagu da ƙauyukan da ke kewaye da ita, cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru ta Jihar Kebbi, wannan awo yana ɗauke da nauyi na musamman. Tambayar da ma'aikacin lafiya ke fuskanta kullum ita ce: mutumin nan zai iya kwana a nan, ko a nemi mota tun da sauran rana a kai shi Zuru, ko ma a wuce da shi Birnin Kebbi? Hanya ba kusa ba ce, da damina ga wuyar bi, matsalar tsaro kuma ta sa kowa na gudun tafiyar dare. Shawarar da ya kamata a yanke da la'asar, in ta kai magariba ta zama wata magana. A ƙaramin ɗakin shan magani da babu ɗakin gwaje-gwaje, babu hoton ƙirji, lambobin nan ne kaɗai abin dogaro. Su ne kuma abin da za a karanta wa likita ta waya. In lambar ta gaskiya ce, likitan da ke nesa zai iya ba da shawara kamar yana tsaye a bakin gadon. In ta ƙiyasi ce, an yaudare shi, an kuma cuci mara lafiya.

Kafin a fara

A wanke hannu da sabulu. A gai da mara lafiya, a faɗa masa abin da za a yi masa. Wanda ya sha rana a kan babur daga ƙauye, ko ya tako da ƙafa, a bar shi ya zauna a inuwa aƙalla minti 5, domin tafiya da rana da fargaba duk suna ɗaga lambobi. Mace kuma a ja mata labule, in da hali mace 'yar'uwarta ta auna ta.

Zafin jiki

Zafin jikin mai lafiya yana tsakanin 36.5 da 37.5 a ma'aunin Salshiyas. Lambar 37 da kowa ya haddace ta samo asali ne daga wani likitan Jamus, Carl Wunderlich, wanda ya wallafa littafinsa a kan zafin jiki a 1868 bayan ya auna dubban marasa lafiya. A nan ƙasar an fi aunawa a hammata. A goge gumi tukuna, a sa bakin ma'aunin can tsakiyar hammata ya taɓa fata, ba riga ba, a matse hannu a jikin haƙarƙari. Mai batir zai yi ƙara in ya gama. Na gilashi mai zaiba sai an kaɗa shi ya sauka ƙasa da 35 kafin a sa, a bar shi kamar minti 5. Irin wannan na gilashi yana kan hanyar ɓacewa, domin zaiba guba ce, kuma yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya ke cikinta, ta tanadi a daina ƙera shi. In ya fashe, kada a kwashe zaibar da hannu, kada yara su yi wasa da ita. Bayan kowane awo a goge ma'auni da auduga da sifirit.

Na'urar da ake nuna wa goshi, wadda ta yaɗu lokacin annobar korona a 2020, tana da sauri, amma goshin da ya sha ranar bazara ko iskar hunturu ba ya faɗin gaskiyar cikin jiki. In abin da ta nuna bai yi daidai da abin da ido ke gani ba, a koma hammata.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da hammatarsa ta kai 37.5 ko sama, yana da zazzaɓi. A Jihar Kebbi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya gano ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran jihar, adadin da ya fi na kowace jiha. A Kebbi da Bayelsa ne aka fara ba wa yara allurar rigakafin cutar a watan Disamba na 2024. Duk da haka, ma'aunin zafi ba ya faɗin sunan ciwo. Ƙa'ida ita ce a yi gwajin jini na ɗan yatsa kafin a ba da maganin zazzaɓin sauro. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a watannin zafi kuwa, a tuna da sanƙarau, a tura babban asibiti nan take.

Abin da aka fi mantawa shi ne sanyin jiki. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in zafinsa ya sauka ƙasa da 35.5, yana cikin haɗari daidai da mai zazzaɓi, ko da uwa ta ce ai jikinsa ba zafi. A manna shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a tura su.

Bugun jijiya

A ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. Kada a yi amfani da babban yatsa, domin shi ma yana da nasa bugun, sai mutum ya ƙirga na kansa. Babba mai lafiya yana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Na jariri sabon haihuwa ya fi sauri sosai, 100 zuwa 160, yana raguwa yayin da yaro ke girma. In bugun yana tafiya daidai, ana iya ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu. In yana tsallake ko yana harɗewa, sai an cika minti guda, a kuma rubuta cewa ba ya tafiya daidai. Yatsa na jin abin da lamba ba ta faɗa: bugu mai ƙarfi ne, ko siriri ne da kyar ake jin sa?

Zazzaɓi na ƙara saurin bugu, wajen 10 a kan kowane digiri ɗaya. Tsoro da zafin ciwo ma haka. Amma bugu mai sauri kuma siriri, tare da sanyin tafin hannu, alama ce ta cewa jini ko ruwan jiki ya ragu, kamar ga mai amai da gudawa ko mai zubar jini.

Numfashi

A nan za mu daɗe, domin wannan ce alamar da ta fi saurin nuna cewa jiki ya fara gazawa, ita ce kuma aka fi yi wa ha'inci. Ba ta bukatar na'ura, agogo mai nuna daƙiƙa ko wayar hannu ya isa. Wataƙila wannan arahar ce ta sa aka raina ta. Ku duba katunan marasa lafiya a asibitoci da yawa, a nan gida da ƙasashen waje, za ku ga 20, 20, 20 an jera daga sama har ƙasa. Babu ɗan Adam da numfashinsa ke tsayawa a lamba ɗaya safe da yamma har kwana uku. Wanda ya rubuta haka bai ƙirga ba.

Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Shiga da fita tare su ne ɗaya. Akwai dabara: da zarar mutum ya san ana ƙirga numfashinsa sai ya sauya shi ba da niyya ba. Saboda haka bayan kun gama ƙirga bugun jijiya, kada ku saki hannun. Ku ci gaba da riƙe shi kamar ba ku gama ba, idonku na kan ƙirji ko ciki, har minti guda cur. Babban da ya kai 25 ko sama yana bukatar a duba shi da gaggawa, haka wanda ya sauka zuwa 8 ko ƙasa. Waɗannan iyakoki suna cikin tsarin gargaɗin wuri da Ƙungiyar Likitocin Ingila ta fitar a 2012 ta sabunta a 2017, inda kowace alama ke da maki, a tara su a san wanda za a fara dubawa.

Ga yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakoki uku, kuma su ne ke cikin littafin ƙa'idojin aiki da ma'aikatan lafiya na matakin farko ke bi. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko sama ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara 1, 50 ko sama. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko sama. Yaro mai tari da numfashinsa ya kai iyakar shekarunsa, ana ɗaukar sa a matsayin mai ciwon namoniya, ko ba a yi hoton ƙirji ba. Ku haddace lambobin nan uku, 60, 50, 40, kamar yadda kuka haddace lambar wayarku.

Ba a ƙirga numfashin yaro yana kuka ko yana shan nono. A bar shi a cinyar uwarsa, a ce mata, “Inna, ɗaga masa riga in ga cikinsa,” a jira ya natsu. Jarirai kan yi numfashi da sauri su ɗan tsaya su ci gaba, don haka rabin minti ba ya isa, kuma in an sami 60 ko sama ga ƙaramin jariri a sake ƙirgawa. Ana cikin ƙirga a lura da ƙasan ƙirji. In yana lotsawa ciki lokacin da yaro ke jan iska, huhu na wahala. In aka haɗa da kasa shan nono ko ruwa, ko amayar da komai, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tayar da shi, to ba sauran jira.

Ƙarfin jini

Mutane kan ce “a auna mini jini”, suna nufin wannan. Lamba biyu ake samu. Ta sama ita ce ƙarfin da jini ke tura bangon jijiya lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Wani likitan Italiya, Riva-Rocci, shi ya kawo abin ɗaurawa a damtse a 1896, sannan a 1905 likitan sojan Rasha, Nikolai Korotkoff, ya gano sautin da ake saurara a lanƙwasar hannu. Har yau hanyarsu ake bi.

Yawancin kuskuren awon jini yana faruwa ne tun kafin a fara hurawa. Mara lafiya ya zauna ya jingina bayansa, tafin ƙafa a ƙasa, ba a harɗe ba. Hannu a kan tebur, damtse daidai da tsayin zuciya. In fitsari ya matse shi ya je ya dawo. A tambaye shi ko ya ci goro, ko ya sha taba ko kofi cikin rabin sa'ar da ta wuce, domin duk suna ɗaga lamba na ɗan lokaci. Dattijon da ya shigo da goro a baki sai a ce masa, “Baba, a yi haƙuri a ɗan zauna tukuna, goron nan zai sa awo ya yi ƙarya.” A ɗaura a kan fata. Naɗe hannun riga har ya shaƙe damtse ya fi barin rigar muni, gara a zare hannun gaba ɗaya. Kuma ba a hira lokacin awo, ko da gaisuwa ce.

Girman abin ɗaurawa ma yana da muhimmanci. Jakar iskar da ke cikinsa ta zagaye wajen kashi 80 cikin 100 na damtse. In ya yi wa mai ƙiba kaɗan, lamba za ta hau fiye da gaskiya, a ɗora wa mutum maganin da ba ya bukata. In ya yi wa siriri yawa, lamba za ta sauka.

Ga mai amfani da na'urar hannu: a ɗaura sama da lanƙwasar hannu da faɗin yatsu biyu. A taɓa bugun wuyan hannu, a hura har ya ɓace, a ƙara 30 a kai. A ɗora abin sauraro a lanƙwasar hannu, a saki iska a hankali, maki 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa. Inda aka fara jin bugu, lambar sama ke nan. Inda ya ɗauke, lambar ƙasa. Mai gaggawa da ya saki iska fuu zai tsallake bugun farko. A rubuta abin da aka gani: in 146 ne, 146 za a rubuta, ba 150 ko 140 ba. Na'ura mai batir ta rage wannan matsala, amma raunin batir da motsin hannu na rikita ta.

Hawan jini shi ne 140 a sama ko 90 a ƙasa, ko fiye, a awon da aka yi a ranaku biyu dabam-dabam. Awo ɗaya ba ya isa a ce wa mutum yana da hawan jini. Sama da mutum biliyan ɗaya ke ɗauke da shi a duniya, kusan rabinsu kuma ba su sani ba, domin sau da yawa ba ya ciwo sai ranar da ya shanye ɓarin jiki.

Mai juna biyu hukuncinta dabam ne. In ciki ya wuce mako 20 aka sami 140 bisa 90, a gwada fitsarinta, a sake awo, a sanar da babba. In ya kai 160 bisa 110, ko tana kukan ciwon kai mai tsanani, ko ganinta na dishi-dishi, ko ciwo a saman ciki, jijjiga na iya zuwa kowane lokaci. Wannan ba ta komawa gida da alkawarin dawowa ranar awo.

Saukar jini kuma tana da nata tarko. Lambar sama ƙasa da 90 tare da bugu mai sauri alama ce ta haɗari, amma jikin matashi da na yaro yakan riƙe ƙarfin jini har sai abu ya yi nisa. Bugun jijiya ne ke fara hawa. Shi ya sa ake so a dubi lambobin biyu tare: in bugun jijiya ya zarce lambar sama ta jini, misali bugu 115 jini 100 bisa 60, a ɗauka akwai matsala ko da mara lafiya na magana. Wannan ya fi shafar mai jego a sa'o'in farko bayan haihuwa. A wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano na cikin jagororinsa, an riƙa tara jinin haihuwa a leda mai ma'auni ana duba mai jego kowane minti 15. In jini ya kai mililita 500, ko ya kai 300 tare da wata alama da ta kauce, sai a fara magani gaba ɗaya ba jira. Mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kashi 60 cikin 100.

Iskar oksijin

Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna 95 zuwa 100 ga mai lafiya. Ƙasa da 90 na nufin a ba da oksijin in akwai, a kuma tura. Yatsa mai sanyi, jan farce, baƙin lalle da motsi duk suna rikita ta, don haka a ɗumama hannu ko a sauya yatsa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya nuna cewa na'urar ta fi ɓoye ƙarancin oksijin ga masu baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farare. Ke nan in ta nuna 93 alhali mutum na haki, a gaskata hakin.

Rubutawa da kai rahoto

Kowane awo a rubuta shi nan take, da kwanan wata da lokaci da sunan wanda ya auna. Abin da ba a auna ba a bar gurbinsa fili. Gurbin da babu komai ya fi lambar ƙarya amfani, domin wanda ya karɓi aiki zai san akwai abin da ya rage.

Lamba ɗaya tilo ba ta cika faɗin labari ba, jerin lambobi ne ke faɗa. Ɗauki misalin wani manomi da aka kwantar da zazzaɓi. Da ƙarfe 8 na safe bugunsa 88, numfashi 18, jini 120 bisa 80. Da ƙarfe 12, bugu 98, numfashi 22, jini 112 bisa 70. Da ƙarfe 4 na yamma, bugu 112, numfashi 26, jini 100 bisa 60. Mai duban layin tsakar rana kaɗai zai ce babu wani abin tashin hankali. Mai duban layukan uku zai ga mutum yana gangarawa tun safe, ya kuma gane cewa ƙarfe 4 ne lokacin neman mota, ba ƙarfe 9 na dare ba. Wanda lambobinsa suka fara kaucewa, a riƙa auna shi akai-akai, ba sai lokacin zagaye ya yi ba.

In za a kira likita ko babbar nas, kada a ce “jikin nasa ya tsananta” a tsaya nan. A faɗi shekarunsa, abin da ya kawo shi, lambobin yanzu da na ɗazu, ko yana cikin hayyacinsa, da abin da aka riga aka ba shi. Lambobin nan kuma a kwafe su a takardar turawa, su tafi tare da shi.

Aikin aji

1. Ku kasu biyu-biyu. Kowa ya ƙirga bugun jijiya da numfashin abokinsa na minti guda yana zaune. Sannan abokin ya zagaya aji sau uku da sauri, a sake ƙirgawa. Ku rubuta lambobin huɗu da lokacin da aka ɗauke su.

2. Yarinya 'yar wata 8 tana tari, numfashinta 54 a minti, tana shan nono. Yaro ɗan shekara 3 numfashinsa 36. Wanne ne numfashinsa ya yi sauri, kuma me ya sa?

3. Wata mai ciki wata 8 ta zo awo daga ƙauye a kan babur. Awon farko ya nuna 150 bisa 96. Faɗi abubuwa uku da za ku tabbatar kafin ku sake awo, da tambayoyin da za ku yi mata.

4. Mai jego ta haihu sa'a ɗaya da ta wuce. Bugunta 118, jininta 104 bisa 64, ta ce ba abin da ke damunta sai jiri kaɗan. Rubuta kalmomin da za ku faɗa wa likita ta waya, kada su wuce jimla biyar.